Sakaya: Tarihin Wata Kalma a Ƙasar Birnin Gwari

Gabatarwa

Wata rana da hantsi, cikin shekarar 2018, na je wata tashar mota a Kaduna ina neman motar Birnin Gwari, sai na tarar da wani dattijon direba zaune a kan benci, motarsa a ajiye babu lodi. Bayan mun gaisa na ce masa, "Baba, yau ba a tafiya ne?" Sai da ya dubi hagu da dama, sa'an nan ya sassauta murya ya ce, "Ɗana, hanya ce ba ta da kyau. Mutanen nan sun fito tun da asuba."

Baƙon da bai san ƙasar ba zai ɗauka ramukan kwalta dattijon yake nufi, ko kuwa ma'aikatan gyaran hanya ne suka fito aiki. Amma duk wanda ke tashar nan ya gane cewa 'yan fashi ne suka tare hanya. Dattijo bai yi ƙarya ba, bai kuma kama sunan kowa ba. Wannan abu da ya yi shi ne Bahaushe ke kira sakaya zance, wato a faɗi magana ta wata siga daban, yadda mai hankali zai gane, wanda ba a so ya gane kuwa ta wuce shi. Manufar wannan maƙala ita ce mu dubi ma'anar wannan kalma, sa'an nan mu bi sawunta cikin tarihin ƙasar Birnin Gwari da dajin Kamuku, domin mu ga hannuwan da ta shiga da irin aikin da kowane ya sa ta.

Ma'anar Kalmar

Asalin kalmar a bakin ƙofa yake. Idan uwargida za ta leƙa maƙwabta ɗebo wuta, ba ta neman kwaɗo da makulli. Jawo ƙyaure take yi, ko ta saki asabari, ta ce ta sakaya ɗakin. Akuya ba za ta shiga ba, mai wucewa ba zai ga abin da ke ciki ba, amma ɗan gida yana zuwa zai tura ya shige abinsa. Daga nan ne aka ɗauki kalmar aka kai ta fagen magana. Zancen da aka sakaya a rufe yake, amma ba a kulle yake ba.

Wannan shi ya bambanta ta da sauran 'yan uwanta. Wanda ya fassara magana ya fito da ita fili ne, ko ya ɗauke ta daga wani harshe zuwa wani. Wanda ya sauya magana ya bar ta farko ya kama wata. Wanda ya juya ta ko ya murguɗa ta ya ɗora wa mai ita abin da bai faɗa ba. Wanda ya ɓoye ta kuwa bai faɗe ta ba sam. Mai sakayawa shi kaɗai ne ya faɗi abin da ke ransa duka, ya kuma lulluɓe shi a lokaci guda. Akan ce "ya sakaya sunan", ko "ta faɗa mini a sakaye", ko "wannan sakayayyen zance ne". Kada kuma a rikita ta da sakayya, wadda ta fito daga saka wa mutum da alheri ko akasinsa. Kamar sauti kawai suka yi.

Harshen Hausa ya tanadi kayan aiki na musamman domin wannan. Akwai "wane" da "wance" da "kaza" da "abin nan". Akwai karin magana da habaici da zaurance. Babbansu duka kuwa shi ne ɗan ƙaramin lafazin nan "an". Idan aka ce "an zo" ko "an ɗauka", aiki ya tabbata, mai aikin kuwa ya shige bayan asabari. Mai karatu ya riƙe wannan "an" ɗin, domin za mu sake gamuwa da shi a gaba.

Sakayawar Kunya

A gida aka fara sanin sakayawa, kuma kunya ce ta haife ta. Matar aure ta gargajiya ba ta kama sunan mijinta, sai ta ce "maigida" ko "Malam" ko kuwa "shi". Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Yaron da ya ci sunan kakansa sai a riƙa kiransa Abba ko Baba, yarinya kuwa Ummi ko Inna, don kada a yi ta jifa da sunan babba a tsakar gida. Idan mutum ya mutu akan ce ya rasu, ko ya riga mu gidan gaskiya. Wurin biyan bukata akan ce bayan gida ko makewayi.

Mutanen da ke zaune a gefen daji suna da tasu sakayawar, wadda ta haɗa girmamawa da taka tsantsan. Da dare ba a kiran maciji da sunansa, sai a ce igiyar ƙasa. Iskoki akan ce da su mutanen ɓoye. Giwa da zaki da ɓauna su ne manyan dawa. Tunanin da ke ƙarƙashin wannan shi ne, abin da ka kira sunansa ka gayyato shi. A duk waɗannan misalai mai faɗa da mai saurare sun san abin da ake nufi. Babu wanda aka cuta, mutunci kawai aka kare.

Suna Ɗaya Bisa Al'ummu Da Yawa

Idan muka koma kan ƙasar da muke magana a kanta, sai mu tarar sunayenta biyu, Gwari da Kamuku, su kansu asabari ne. Mutanen da Hausawa ke kira Gwari suna kiran kansu Gbagyi ko Gbari. Bahaushe ya lanƙwasa sunan yadda ya dace da bakinsa, ya jera Gwari cikin ƙasashen da labarin Bayajida ya kira Banza Bakwai, har ya ƙirƙiro kalmar "gwaranci" ga duk maganar da ba ta fita daidai a kunnensa. Haka nan sunan Kamuku ya lulluɓe al'ummu da dama masu sunayen kansu, irin su Cinda da Regi da Kuki da Shama da Rogo, waɗanda harsunansu ke cikin rukunin da masana harshe ke kira Kainji. Mafi yawansu suna ƙananan hukumomin Rafi da Mariga a Jihar Neja, wasu kuma a ƙasar Birnin Gwari.

Dangantakar Birnin Gwari da ƙasar Hausa tsohuwa ce. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, a littafinsa kan tarihin Katsina wanda aka buga a Zariya cikin 1981, ya nuna yadda ikon Katsina ya miƙa kudu zuwa wannan yanki kafin jihadi. Fatauci da auratayya da Musulunci suka sa Hausa ta zama harshen birnin. To amma abin lura shi ne, wanda ya fi ƙarfi shi ya raɗa sunan da ya zauna. A nan kalmarmu ta fara sauya hali, domin ba kunya ce ta sa aka rufe sunan Cinda ko Regi ba. Mai raɗa sunan ne bai ga dalilin da zai sa ya tambayi masu shi ba.

Zamanin Hari da Fansa

Cikin 1854 wani Bajamushe mai aikin mishan a Firitawun ta ƙasar Saliyo, mai suna Sigismund Koelle, ya buga wani littafi da ya tattara kalmomi kusan 300 a harsunan Afirka fiye da 150. Daga bakin 'yantattun bayi ya ɗauko su, waɗanda jiragen yaƙin Ingila suka ƙwato a teku. Cikin harsunan da ya rubuta har da na Kamuku. Wato tun kafin tsakiyar ƙarni na 19 ana kama mutanen wannan daji ana miƙa su hannu zuwa hannu har bakin teku.

Abin ya ƙara tsananta da zuwan Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, wanda aka ba sarautar Sarkin Sudan cikin 1859, ya kafa Kontagora, ya rasu cikin 1876. Shi kansa laƙabin nasa sakayawa ce, domin da sunan garin Gwamatse inda ya taɓa zama ake kiransa. Ɗansa Ibrahim ya ci gaba da kai hare-hare ƙasashen Gwari da Kamuku da Kambari, har suka kai ƙasar Birnin Gwari, sai da Turawa suka ci Kontagora cikin 1901. Ƙauyuka da yawa sun watse, waɗanda suka tsira suka haye duwatsu.

Dubi kalmomin da wancan zamani ya bar mana. Farautar mutane a gonakinsu sunanta "hari" ko "yaƙi". Baiwar da ubangijinta ya mayar abokiyar shimfiɗa sunanta "sa-ɗaka", kamar dai sanya ta cikin ɗaki kawai aka yi. Kuɗin da dangi ke tarawa su karɓo ɗan uwansu, ko wanda bawa ke biya ya sayi kansa, sunansa "fansa". Wannan ita ce sakayawa ta biyu, wato ta mai iko. Ta kunya mutuncin wanda ake magana a kansa take karewa, wannan kuwa mai aikata abin take karewa daga jin nauyin aikinsa. Sakamakonta shi ne, a yau muna iya jera sunayen sarakunan Kontagora ɗaya bayan ɗaya da shekarunsu, amma dubban da aka kora daga dajin nan cikin mari sun shige cikin "an kama" da "an sayar".

Gandun da Ba a Noma

Turawa sun ayyana cewa duk yaron da aka haifa daga watan Afrilu na 1901 ɗa ne, amma sai a 1936 doka ta soke bauta baki ɗaya a Nijeriya ta Arewa. A wannan shekara ta 1936 ne kuma aka keɓe dajin Kamuku a ƙarƙashin En'e ta Birnin Gwari, wadda take cikin gundumomi masu cin gashin kansu a Lardin Zazzau. Sunan da irin wannan keɓaɓɓen wuri ya samu a Hausa abin dubawa ne: gandun daji. A sanin Bahaushe gandu shi ne babbar gonar gida, inda kowa ke fita da fartanya a noma abin da za a ci. Gandun daji kuwa shi ne wurin da aka hana manomi sassabe, aka taƙaita wa maharbi da makiyayi shiga. An ɗauki sunan wurin da aka fi noma an raɗa wa wurin da aka hana noma.

Ba a ce keɓe dajin ba shi da amfani. Shi ya sa giwaye da gwanki da tsuntsaye iri-iri suka sami mafaka, kuma cikin watan Mayu na 1999 Gwamnatin Tarayya ta ɗaga shi ya zama gandun daji na ƙasa, mai faɗin murabba'in kilomita kusan 1,120, yana iyaka da dajin Kuyambana na Jihar Zamfara. An yi zamanin da baƙi ke zuwa kallon ruwan da ke zubowa a Dogon Ruwa da tsaunin Goron Dutse. Sai dai daji mai wannan girma, wanda mazauna gefensa aka mayar baƙi a cikinsa, ma'aikatan tsaronsa kuma ba su taka kara sun karya ba, bai daɗe yana zaman banza ba. Wasu suka same shi a sakaye, suka tura suka shiga.

Sakayawar Tsoro

Da farko ɓarayin shanu ake ce musu, kuma makiyaya ne suka fara ɗanɗana kuɗarsu. Cikin watan Oktoba na 2012 aka kai hari Dogon Dawa, aka kashe mutane kimanin 20, wasunsu a lokacin sallar asuba. Cikin 2015 gwamnonin jihohin da ke kewaye da dajin suka haɗa kuɗi aka tura sojoji Kamuku da Kuyambana, aka ƙwato dabbobi masu yawa, amma wutar ba ta mutu ba. Cikin watan Mayu na 2018 aka afka wa ƙauyen Gwaska, aka kashe fiye da mutum 40. Cikin 2021 aka kwashe ɗalibai a Kagara, aka kuma kwashe yara fiye da 100 daga wata makarantar Islamiyya a Tegina, duka a ƙasar Kamuku ta ɓangaren Neja. A ƙarshen watan Satumba na wannan shekara gwamnati ta katse layukan waya a Birnin Gwari da wasu ƙananan hukumomi na kusan wata biyu.

A cikin wannan hali ne sakayawa ta uku ta yi ƙarfi, wato ta tsoro. Mutumin ƙauye ba ya cewa ɓarayi, domin bai san ko wanda ke kusa da shi a kasuwa infoma ba ne. Sai ya ce "mutanen daji", ko "yaran daji", ko "mutanen nan", kamar yadda direban nan ya faɗa mini. Siga ɗaya ce da "mutanen ɓoye" da "manyan dawa". Ladabin da kakanni suka yi wa iskoki da giwa shi jikoki suka koma yi wa masu bindiga, bisa dalili guda: kada a kira suna a gayyato mai shi. Sai ka ji ana cewa "an shiga garin jiya", "an ɗauki mutum bakwai", "an yi waya", "an yanka musu kaza". Babu mai hankalin da zai zargi talaka da wannan, domin da ita ya kwana da ransa.

Abin da ya fi ban tsoro shi ne yadda tsofaffin kalmomin nan suka farfaɗo. Fansa, wadda aka yi zaton an binne ta tare da kasuwar bayi, ta dawo a matsayin "kuɗin fansa", dangi suna sayar da gona da hatsi su karɓo ɗan uwansu kamar yadda aka yi a zamanin Nagwamatse. Kuɗin da ake tilasta wa manomi ya biya kafin ya shiga gonarsa ko ya kwashe amfaninsa aka raɗa masa "haraji", alhali haraji hukuma ke karɓarsa. Satar mutane kuwa kafofin watsa labarai suka saba mana da kiranta "garkuwa da mutane", alhali garkuwa abin kare kai ce a fagen fama, waɗannan kuwa ba kare kansu suke yi da mutum ba, cinikinsa suke yi. Kowace ɗaya daga cikin kalmomin nan ta rage wa laifin kaifi, ta kuma ara wa mai laifin rigar da ba tasa ba.

Har a gaban shari'a sai da batun suna ya taso. Cikin watan Nuwamba na 2021 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ayyana waɗannan gungu a matsayin 'yan ta'adda, aka buga hukuncin a jaridar gwamnati a farkon 2022. Da kalmomin Hausa aka ambace su a cikin takardar, wato 'Yan Bindiga da 'Yan Ta'adda. Shekaru aka kwashe ana muhawara kafin a kai ga haka, domin kowa ya san sunan da aka kira mutum da shi shi ke nuna irin matakin da za a ɗauka a kansa. Sa'an nan cikin watan Nuwamba na 2024 Gwamnan Kaduna Uba Sani ya je Birnin Gwari aka yi taron sulhu, aka sake buɗe kasuwar kara wadda ta daɗe a rufe, sai ga sabon suna ya fito: "tubabbun 'yan bindiga". Duk wanda ya ga motocin shanu da hatsi sun sake hawa hanya dole ya yi murna. Amma tuba kalma ce mai nauyi, kuma malamai sun ce tana da sharuɗɗa: nadama, da barin laifin, da ƙudurin rashin komawa, da mayar wa mai haƙƙi haƙƙinsa. Matar da aka kashe wa miji a Gwaska tana da damar ta tambaya ko an cika na huɗun.

Akwai kuma wata sakayawa mai kama da fito-na-fito, wadda ta fi kowace haɗari. Ita ce a ɗauki sunan ƙabila sukutum a ɗora wa masu laifi, a ce "Fulani ne". Mai faɗin haka yana ganin ya cire tsoro ya kama suna, alhali ya ɓoye ɓarawon ne cikin taron jama'a, ya kuma miƙa wuyan makiyayin da aka sace wa garke ga 'yan sa-kai. Irin asabarin da aka saki a kan Cinda da Regi shi ne wannan, sai dai a yau jini ke biyo bayansa.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za mu ga kalma ɗaya ta shiga hannu uku a ƙasa ɗaya: hannun mai kunya, da hannun mai iko, da hannun mai tsoro. Ma'aunin da za a gane kowace da shi yana nan a asalin kalmar. Idan ɗan gida zai iya tura ƙofar ya shiga, to sakayawa ce. Idan kuwa an shirya maganar ne domin kada kowa ya taɓa sanin wanda ya yi da wanda aka yi wa, to kulle ne aka ba shi sunan sakayawa.

A nan ne aikinmu na marubuta ya taso. Mu ne muka fi kowa cin moriyar wannan kalma, domin da ita mawaƙi ke yin habaici, da ita mai ƙagaggen labari ke raɗa wa gari sunan da babu shi a taswira ya faɗi abin da ɗan jarida ba zai iya ba. Sai dai sakayayyen zance yana rayuwa ne muddin masu gane shi suna raye. Direban tashar Kaduna ya ce hanya ba ta da kyau, kowa ya gane, domin kowa ɗan zamanin ne. Jikansa da zai karanta wannan jimla nan da shekara 50 ramukan kwalta zai ɗauka. Saboda haka wajibi ne wasu daga cikinmu, musamman 'ya'yan wannan ƙasa, su zauna da dattawan Dogon Dawa da Gwaska da Kuyello da rugagen da ke kewaye da su, su rubuta sunan gari da rana da adadi, da sunayen waɗanda aka rasa idan danginsu sun yarda, ko da rubutun zai jira a cikin adaka har ranar da fitar da shi ba zai jawo wa kowa wahala ba. Mutanen Kamuku na ƙarni na 19 ba su sami wanda ya yi musu haka a gida ba, sai wani baƙo a Saliyo da ya rubuta 'yan kalmomin harshensu. Allah ya ba ƙasar Birnin Gwari zaman lafiya mai ɗorewa, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, amin.